Yadda manhaja ta karɓe ragamar sadarwa da ma'ajiyar bayanai

A da, ma'aikatar da ke son haɗa kwamfutocinta sai ta sayi na'urorin rarraba saƙo, injiniya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saitawa. Tsarin da masana ke kira SDN a taƙaice ya raba aikin gida biyu: na'ura na ci gaba da jigilar bayanai, amma hukuncin hanyar da kowane saƙo zai bi ya koma hannun manhajar da ke lura da su baki ɗaya. Haka abin yake a ɓangaren ajiya, inda manhaja ke tattara faya-fayen kwamfutoci na gama-gari su zama rumbu ɗaya, tana ajiye kowane bayani a wuri fiye da ɗaya domin kada lalacewar faifai guda ta tafi da shi.

Tunanin ya yi ƙarfi ne a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda aka gabatar da ƙa'idar OpenFlow a 2008. Kasuwa ba ta ɓata lokaci ba. A 2012 kamfanin VMware ya sayi Nicira, ƙaramin kamfanin da ya tsiro daga wannan bincike, kan dala biliyan 1.26. A 2014 Red Hat ya sayi Inktank, mai kula da manhajar ajiya ta Ceph, kan dala miliyan 175.

A Najeriya, bunƙasar ta biyo ta cibiyoyin adana bayanai. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana da irin waɗannan cibiyoyi a Abuja da Kano, kuma a 2019 hukumar NITDA ta fitar da manufar da ke ƙarfafa wa ma'aikatu hayar ma'ajiya ta intanet maimakon kowace ta gina tata. Ga gari irin Lafiya, inda Jami'ar Tarayya ke riƙe da bayanan ɗalibai, hukumar NAGIS kuma ke riƙe da na filayen jihar Nasarawa, amfanin a fili yake: injiniyoyi ƙalilan na iya kula da ofisoshi da dama daga wuri ɗaya.

Sai dai arhar ba ta kai yadda 'yan talla ke faɗa ba. Kuɗin da aka rage wajen sayen ƙarfe ya koma lasisi, lasisin kuwa da dala ake biya. Bayan Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mayar da abokan ciniki kan biya lokaci-lokaci, daidai lokacin da darajar naira ta faɗi warwas. Manhajojin kyauta irin Ceph mafita ce, amma suna buƙatar ƙwararrun da riƙe su a aikin gwamnati ke da wuya. Ƙari ga haka, ofishin da bayanansa ke Abuja ba zai iya taɓa su ba ranar da aikin hanya ya tsinke wayar intanet da ke haɗa shi da can.