Binciken Kisan Janar Murtala

Ran Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammad a Ikko. Aka ɗora wa Manjo-Janar Abisoye binciken maƙarƙashiyar, kotun soja kuwa ta zauna a asirce. Abin lura shi ne, zargin da ya hau kan manya daga bakin Laftanar-Kanar Dimka ya fito, mutumin da ya riga ya san makomarsa. Maganarsa ta ci Manjo-Janar Bisalla, aka harbe shi ran 11 ga Maris. Shi Dimka sai 15 ga Mayu. Ya ambaci Janar Gowon ma, amma Ingila ba ta miƙa shi ba. Shugaba Shagari ya yi masa afuwa a 1981, alhali ba a taɓa gurfanar da shi ba.