Shanti: waƙar da ake jan igiya da ita

1/ Kun tuna Janairun 2021, da duniya ta ɗauki Wellerman, wadda wani mai raba wasiƙu ɗan Sukotland, Nathan Evans, ya rera a TikTok? Kowa cewa yake shanti ce. Ni ma haka na ɗauka, sai da na tono tarihin. Ku biyo ni 🧵

2/ Tukuna dai, shanti ba santin tuwo ba ne 😅 Waƙar aiki ce ta ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci masu tafiya da iska, a ƙarni na 19.

3/ Masu jirgi na tsimin albashi, ma'aikata kaɗan, aiki kuwa na ƙarfi. Ɗaga ƙaton ƙyallen da iska ke turawa, janyo anka, zuƙe ruwan da ya shigo. In kowa ya ja igiya lokacin da ya ga dama, ba abin da zai motsa. Sai mutum ɗaya ya ba da waƙa, saura su yi amshi, a kan amshin nan kowa ya ja tare. Wanda ya taɓa jin mata na lugude ya gane abin da nake nufi.

4/ Kowane aiki da irin tasa. Ta jan igiya daban, ta zagaye na'urar ɗago anka daban.

5/ Kalmar fa? Masana sun rabu. Da yawa na cewa daga Faransanci take, "chanter", wato rera waƙa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ta fara ɓullowa a rubuce. A shekarun 1850 wani matuƙi, Charles Nordhoff, ya ba da labarin masu danna auduga cikin jirgi a Mobile, kudancin Amurka, suna aiki da waƙa, jagoransu ana ce masa "chanty-man". Aikin nan baƙar fata sun daɗe suna yin sa, Turawa matuƙa suka shigo suka koyi salon. Wannan ɓangaren ne ba ku cika jin sa a TikTok ba, kuma abin na ba ni haushi.

6/ Da jiragen tururi suka karɓe harkar, inji ya maye gurbin damtse, waƙar ta rasa aikinta.

7/ Wellerman kuwa labarin masu farautar kifin whale ne a New Zealand, suna jiran jirgin kayan abinci. Ta hira ce, ba a jan igiya da ita.