Kalmar da Babu Ita a Littafi: Taron Nikiya na Shekarar 325

A tsakiyar shekarar 325 Miladiyya, bishop-bishop fiye da 200 suka hallara a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, bisa gayyatar Sarkin Rum Kustantin. Da suka tashi, sun bar takardar aƙida wadda har yanzu Katolika da Otodoks da Angilika da galibin Furotesta ke karanta faɗaɗaɗɗen nassinta a majami'u. Ƙashin bayan takardar kalma ce guda ta Girkanci, homo'usiyos, ma'ana Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne. Wannan kalma ba ta zo ko sau ɗaya a Littafi Mai Tsarki ba, kuma waɗanda suka sa hannu sun san da haka. Tambayar da ake yawan jefawa a muhawarorin addini, wato ko aƙidar da Kirista suka yi ittifaƙi a kanta ta dace da nassinsu, Kiristocin ne da kansu suka fara yin ta, suka kuma kwashe fiye da shekara 50 suna korar juna a kanta.

Rigimar ta faro ne a Iskandariyya ta Masar wajen shekarar 318. Wani limamin coci ɗan asalin Libiya mai suna Ariyus ya saɓa wa bishop ɗinsa, Iskandar. Ariyus ya ce Allah Uba kaɗai ne marar farko. Ɗa kuwa, tunda haifaffe ne, dole yana da mafari: Uba ne ya samar da shi kafin zamani, ya kuma halicci komai ta hannunsa. Iskandar ya ce babu wani lokaci da Uba ya kasance ba tare da Ɗa ba.

Kowanne yana riƙe da ayoyinsa, kuma nan ne wuyar take. Ariyus da magoya bayansa suna kafa hujja da Karin Magana 8:22, inda Hikima, a fassarar Girkanci da suke karantawa, take bayyana kanta a matsayin wadda aka halitta a farkon ayyukan Ubangiji, alhali kusan kowa a lokacin ya yarda cewa Hikimar nan Almasihu ce. Suna ƙarawa da Yahaya 14:28, inda Yesu ya fifita Uba a kan kansa, da Markus 13:32, inda ya keɓe wa Uba sanin ranar ƙarshe, da Kolosiyawa 1:15, da ta kira shi ɗan fari a maganar halitta. Ɓangaren Iskandar kuwa sai ya buɗe farkon Bisharar Yahaya, inda aka kira Kalma Allah, da 10:30 da ke maganar ɗayantakar Yesu da Uba, da 20:28 inda Toma ya kira shi Ubangiji da Allah bai kuma hana shi ba. Littafi ɗaya, marubuci ɗaya ma a wasu wuraren, amma karatu biyu.

Kustantin, wanda ya gama haɗe daular a hannunsa a 324 bayan ya kayar da Lisiniyus, bai ga abin faɗa a ciki ba. Ya aika wa mutanen biyu wasiƙa ta hannun Bishop Hosiyus na Kurɗuba, yana cewa batun bai taka kara ya karya ba, su sasanta. Da abin ya ci tura, sai ya kira taro.

Atanasiyus, wanda ya halarci taron yana matashin dikon a tawagar Iskandar, ya bar mana labarin yadda kalmar ta shigo, ko da yake ya rubuta shi shekaru da yawa daga baya, kuma shi ɗan ɓangare ne. A cewarsa, bishop-bishop sun so su tsaya a kan lafuzzan nassi kaɗai. Sai aka ce Ɗa daga Allah yake. Mutanen Ariyus suka amince, don nassi ya ce komai ma daga Allah yake. Aka ce shi surar Allah ne kuma ikonsa. Suka yi ta ƙifta wa juna ido suna karɓa, don an kira mutum ma surar Allah. Duk lafazin da aka ɗauko daga Littafi, suna da ƙofar da za su bi su fita. Da haka masu rinjaye suka nemi kalmar da ba za ta lanƙwasu ba, ita ce kuwa ba ta cikin Littafin. Yusibiyus na Kaisariya, masanin tarihin ikilisiya, ya sa hannu da ɗari-ɗari, sannan ya rubuta wa jama'arsa doguwar wasiƙar uzuri, inda ya nuna cewa sarki ne ya matsa a saka ta. Bishop biyu kacal suka ƙi, Sikundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus.

A nan ya kamata a ajiye wasu zantuka biyu da suka yaɗu. Taron Nikiya bai zaɓi littattafan da za su shiga Sabon Alkawari ba. Babu wannan batu a ƙa'idoji 20 da ya fitar. Ba kuma ƙuri'a aka kaɗa kan ko Yesu mutum ne kawai ba, domin Ariyus kansa ya yarda cewa ya riga duniya kasancewa. Kalmar Triniti ma ta girmi taron: Tartuliyan na Kartaj ya yi amfani da ita a Latin tun farkon ƙarni na 3.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Nikiya ta sha kaye bayan nasararta. An yi wa Ariyus sassauci kafin rasuwarsa a 336, kuma wanda ya yi wa Kustantin baftisma a gadon mutuwarsa a 337 shi ne Yusibiyus na Nikomidiya, babban majiɓincin Ariyus. Atanasiyus, da ya gaji kujerar Iskandariyya a 328, sau biyar ana korarsa daga garin. A 357 wani taro a Sirmiyum ya hana ambaton zati kwata-kwata, bisa hujjar cewa babu kalmar a nassi kuma ta fi ƙarfin fahimtar ɗan Adam. A 360, ƙarƙashin Sarki Kustantiyus, aƙidar hukuma ta koma cewa Ɗa yana kama da Uba kamar yadda Littattafai suka faɗa, iyakarta ke nan. Wato masu cewa a tsaya a kan nassi zalla sun taɓa riƙe daular, kuma su ma da ƙarfin sarki suka riƙe ta.

Amsar Atanasiyus ita ce ma'ana ake bi, ko da lafazin baƙo ne. Ya kuma tuna wa abokan hamayyarsa cewa nasu kalmomin ma, irin su cewa an samar da Ɗa daga babu, ba a nassi suke ba. Hujjarsa mafi nauyi ta ibada ce: Kirista suna yin baftisma da sunan Ɗa, suna yi masa sujada, to in halitta ne, ashe bautar halitta suke yi. Mai karatun da ya san fitinar halittar Alƙur'ani da Halifa Ma'amun ya tayar a 833 zai gane ƙirar matsalar, ko da abin da ake jayayya a kai ya bambanta. Imam Ahmad ɗan Hambali ya yi ta neman a kawo masa aya ko hadisi, amma matsayin da Ahlus Sunna suka tsaya a kai daga ƙarshe, cewa Alƙur'ani ba halitta ba ne, shi ma jimla ce da aka gina domin toshe wata fassara.

A ganina, tarihin ba ya goyon bayan mai cewa Kustantin ne ya ƙirƙiro aƙidar, ba ya kuma goyon bayan mai cewa tana kwance a fili ga duk wanda ya buɗe Littafi. Fassara ce da ta zaɓi ayoyin da za su yi jagora, ta karanta sauran a ƙarƙashinsu: ayoyin ƙanƙantar Yesu aka jingina su ga mutuntakarsa. Ariyus ya yi akasin haka. Wanda ya fi dacewa da nassi ya danganta da ayar da mai karatu ya sa a gaba, kuma wannan hukunci ne na tafsiri da imani, wanda takardun tarihi ba za su yanke ba. Abin da suka nuna shi ne lokacin da ƙurar ta lafa: a 381 Sarki Tiyodosiyus ya kira taron Kustantiniyya, aka tabbatar da Nikiya, aka faɗaɗa sashen Ruhu Mai Tsarki. Ƙabilun Got kuwa sun ci gaba da tsohon ra'ayin, har sai da masarautarsu ta Sifaniya ta sauya a 589.

Akwai aya guda da ta jera Uba da Kalma da Ruhu ta ce su ɗaya ne, a 1 Yahaya 5:7. Da tana cikin kwafen Girkanci na ƙarni na 4, da Atanasiyus ya dogara da ita, amma bai taɓa ambatonta ba. A kwafen Latin ta fara ɓullowa. Da Irasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a Basel a 1516, ya bar ta a waje saboda bai same ta a rubuce-rubucen da ke gabansa ba. Aka yi masa ca. A bugu na uku, a 1522, ya saka ta bayan an nuna wani kwafin Girkanci na kwanan nan mai ɗauke da ita, wanda yanzu ke ajiye a Dublin. Daga nan ta shiga fassarar Ingilishi ta Sarki James ta 1611. Galibin fassarorin zamani sun cire ta ko sun mayar da ita ƙasan shafi, kuma malaman Kirista masu riƙe da aƙidar Nikiya ne suka yi yawancin aikin cirewar.