Daga *flutter* zuwa filfilwa: tarihin kalmomin rawa da karkarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da Turanci a makarantar sakandare, ko a Birnin Tsaba ne ko a Shinkafi, ya san wahalar wannan darasi. Littafin karatu zai jero kalmomi shida a shafi guda: *flutter, flicker, quiver, shiver, tremble, quake*. Ɗalibi ya nemi ma'anarsu, malam ya ce duk "rawa" ce, ko "girgiza". Malam bai yi ƙarya ba, amma ya bar ɗalibin da zaton Turanci ya fi Hausa arzikin kalmomi, tunda yana da shida a inda Hausa take da ɗaya. Tarihin kalmomin, da na yadda suka haɗu da Hausa, yana nuna akasin haka.

Bari mu fara da rabe su. *Flutter* motsin abu marar nauyi ne a cikin iska, kamar tuta ko fukafukan ƙaramin tsuntsu, kuma ana faɗarsa ga zuciya. *Flicker* na harshen wuta ne da hasken da ke kawowa yana ɗaukewa. *Quiver* ƙaramin motsi ne mai sauri a abin da bai bar wurinsa ba, kamar leɓen mai shirin kuka. Kwarin da maharbi ke zuba kibiya ma *quiver* ne, sai dai wannan wata kalma ce dabam da ta shigo daga Faransanci. *Shiver* na sanyi ne da zazzaɓi, *tremble* na tsoro da rauni da tsufa, *quake* kuwa na abu mai girma, shi ya sa girgizar ƙasa take *earthquake*.

Hawa uku na ginin Turanci

Kalmomin nan ba lokaci ɗaya suka shigo ba. Hawa na farko shi ne tsohon Turancin da ake yi a Ingila sama da shekara dubu da suka wuce. A can *flutter* tana matsayin *floterian*, wato abu ya riƙa yawo a kan ruwa igiyar ruwa tana wasa da shi. *Flicker* kuwa *flicorian* ce, kuma tsuntsu take nufi yana fuffuka. Sai wajen 1600 ta koma kan wuta da haske. Da sinima ta zo, hotunan farko suna ƙiftawa a kan allo, sai aka riƙa kiran fim *flick*, kuma wannan laƙabi ne yake cikin sunan Netflix.

Hawa na biyu ya biyo bayan 1066, shekarar da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, kuma ta wannan ƙofa *tremble* ta shigo, asalinta daga Latin. Tsohuwar *quake* ba ta mutu ba. A 1650, a garin Derby, an gurfanar da wani mai wa'azi, George Fox, a gaban alƙali Gervase Bennet. Fox ya gargaɗe shi da ya yi karkarwa don tsoron Allah, alƙalin ya yi wa mabiyansa laƙabi da *Quakers*, wato masu karkarwa. Sunan ba'a ne, amma shi ya bi su har yau.

Hawa na uku na masana ne. A ƙarni na 17 likitoci da masu binciken kimiyya suka ɗebo *vibrate* da *palpitate* kai tsaye daga Latin. Ke nan yawan kalmomin Turanci a wannan fage tarin aro ne na shekaru ɗaruruwa, kowace kalma ta samu gurbinta a hankali.

Akwai kuma wani sirri a ƙarshen kalmomin. Wutsiyar *-er* da ke *flutter, flicker, shimmer*, da *-le* da ke *twinkle* da *sparkle*, alamar maimaita aiki ce. A Turancin yau wannan ƙa'ida ta daskare, ba a gina sababbin kalmomi da ita yadda aka ga dama. Hausa tana da irinta, wato ninki, kuma da ranta: kaɗa ta ba da karkaɗa, kama ta ba da kakkama, kuma yaro ɗan shekara biyar zai ninka kowane aikatau ba tare da an koya masa ba. Dubi girgiza, karkarwa, makyarkyata, filfilwa, firfita, ƙyalƙyali, kawalwalniya. Kowace tana ɗauke da gaɓa mai maimaita kanta, kamar motsin da take siffantawa. Ga kuma amsa-kama: tsuntsu ya tashi fir, jiki yana rawa kar-kar, zuciya tana ɗar-ɗar, haske yana wal-wal. Sai a 1935 masani Clement Doke ya yi wa irin wannan aji na kalmomi ma'anar da masana harshe ke aiki da ita, kuma daga harsunan Afirka ya ɗauko misalansa.

Haɗuwar harsunan biyu

Ƙamusoshin farko Turawa ne suka rubuta su don amfanin Turawa. J. F. Schön ya fitar da nasa a 1876, bayan ya daɗe yana aiki da Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. C. H. Robinson ya biyo baya a 1899. Babban aiki shi ne na G. P. Bargery a 1934, wanda ya tattara kalmomi dubun dubata, yana nuna wadda ake ji a Sakkwato da wadda ake ji a Katsina. R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949. Ƙarfin manyan ƙamusoshin biyu na ƙarshe yana wajen fassara Hausa zuwa Turanci. Bahaushen da yake son juya Turanci zuwa Hausa sai ya jira ƙamus ɗin Neil Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990. Ƙamusun Hausa zalla na Jami'ar Bayero kuwa sai 2006 ya fito. A tsawon wannan jira malamai suka saba da fassarar gaggawa, kalma ɗaya a madadin shida.

A ƙasar Zamfara ta arewa, babbar ƙofar da Turanci ya shigo ta ita ce layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tiƙe a Kaura Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga suka riƙa tafiya kudu, kalmomi suna tahowa: reluwe, tasha, tikiti, fasinja, direba. Duk sunayen sababbin abubuwa ne da sababbin ayyuka. Jirgin yana jijjiga fasinja tun daga Zariya, amma babu wanda ya ari kalmar Turanci don faɗar haka, domin jijjiga tana nan tun kafin jirgi. Aron da ya samu shiga a wannan fage na kwanan nan ne, shi ma da na'ura ya zo: a sa waya a baibireshin.

Inda bambancin yake da tsada

A aji, kuskuren fassara maki yake ci. A asibiti lamarin ya wuce haka. Marar lafiya daga Birnin Tsaba, in an kai shi Zurmi ko Kaura Namoda, da Hausa zai faɗi abin da ke damunsa, amma da Turanci za a rubuta a kati. Makyarkyata mai tafe da zafin jiki, wadda likita ke kira *rigor*, tana sa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Karkarwar hannun dattijo yana zaune bai taɓa komai ba *tremor* ce, kuma tana cikin alamun cutar da James Parkinson ya bayyana a 1817. Jijjigar yaro da ƙafewar ido *convulsion* ce, ba ta jiran gobe. Wanda ya ce zuciyarsa tana bugawa fat-fat yana iya zama fargaba ce kawai, yana kuma iya zama *atrial flutter*, inda ɗakunan sama na zuciya ke bugawa wajen sau 300 a minti guda. In mai fassara ya dunƙule waɗannan duka ya ce *shaking*, ya zubar da bayanin da marar lafiya ya riga ya rarrabe da bakinsa.

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma daga aji zai fara. A rubuta kowace kalma da abokiyarta a allo: *flutter* da filfilwa, *shiver* da rawar ɗari, *tremble* da karkarwa ko ɓari, *quake* da girgiza, *shimmer* da ƙyalƙyali. Inda ba su zo daidai ba a faɗa wa ɗalibi, domin tsumar mai fushi ko ta ɗan dambe kafin ya shiga fage ba ta da takwara guda a Turanci. Sannan a tura ɗalibai gida su tambayi kakanninsu yadda ake faɗar waɗannan motsi da Zamfarci, su rubuto su yadda suka ji, da *h* da *hw* ɗinsu.