Gubar Dalma Daga Ɓurɓushin Harsashin da Ya Maƙale a Jiki

Likitocin tiyata kan bar harsashi ko ɓurɓushinsa a jikin wanda aka harba, muddin bai taɓa jijiya ko wata muhimmiyar gaɓa ba, domin tono shi kan jawo ɓarnar da ta fi ta barinsa. Hujjar tana da ƙarfi, tunda jiki kan naɗe ƙarfen da tattauran nama, narkewarsa ta ragu. Sai dai akasarin harsasai da dalma ake yin su, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa dalma komai ƙanƙantarta a jini tana iya cutarwa.

Haɗarin ya danganta da inda ɓurɓushin ya kwanta. Wanda ya shiga mahaɗar ƙashi, kamar gwiwa ko kwatangwalo, shi ya fi muni, saboda ruwan da ke cikin mahaɗar yana narkar da dalma, motsi kuma yana goge ta kullum. Ƙananan ɓurɓushi masu yawa sun fi babba guda ɗaya zubar da guba. Dalmar da ta shiga jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma wadda ta zauna a ƙashi takan shekara gommai, ta sake fitowa lokacin goyon ciki ko shayarwa, har ta kai ga ɗan tayi ko jariri.

Alamomin gubar suna ruɗarwa: ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, hawan jini, mantuwa, raunin wuyan hannu, daga bisani lalacewar ƙoda. Sukan bayyana shekaru bayan rauni ya warke, lokacin da majinyaci da likita duk sun manta da harbin. A Zamfara, inda ƙurar duwatsun zinariya mai dalma ta hallaka yara sama da 400 a 2010, yanzu akwai waɗanda suka tsira daga harbin 'yan bindiga da ƙarfe a jikinsu. Sallamar irin waɗannan ba tare da tsarin gwajin dalma a jini ba babban giɓi ne a jinyarsu.

Gwajin ya kamata a riƙa maimaita shi. Idan dalmar tana hauhawa, akan ba da maganin da ke kama ta ya fitar ta fitsari, amma takan dawo muddin ɓurɓushin yana nan, don haka a irin wannan hali ake sake duba yiwuwar tiyata, musamman idan a mahaɗa yake.