AM Herculis

AM Herculis, wanda ake taƙaitawa da AM Her, tsari ne na taurari biyu masu kewaya juna, a cikin rukunin taurarin Hercules, a nisan kusan shekarun haske 290 daga Duniya. Ɗaya daga cikin taurarin farin wada ne mai maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, ɗayan kuma jan wada ne, wato ƙaramin tauraro mai ƙarancin zafi. Farin wadan yana zuƙar iskar gas daga jikin abokin nasa, amma filin maganaɗisunsa ne yake shata hanyar da iskar za ta bi da kuma wurin da za ta sauka. AM Herculis shi ne na farko da aka gano a cikin ajin taurarin da ake kira polar, shi ya sa ake kiran ajin baki ɗaya da taurari irin AM Her. Masana suna nazarinsa ne domin sanin halin filasma a cikin maganaɗisun da ya fi ƙarfin duk wanda ɗan'adam ya iya riƙewa a ɗakin gwaji.

Tarihin ganowa

Masanin taurari Bajamushe Max Wolf ne ya fara lura, a shekarar 1923 a Heidelberg, cewa hasken wannan tauraro yana ƙaruwa yana raguwa. An saka shi cikin jerin taurari masu sauya haske ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya shafe kusan shekaru 50 ba wanda ya damu da shi sosai.

A ranar 12 ga Disamba, 1970, aka harba tauraron ɗan'adam mai suna Uhuru daga wani dandamali a gaɓar tekun Kenya, domin ya nemo wuraren da hasken eksire ke fitowa a sararin samaniya. Daga cikin abubuwan da ya gano har da wani mai lamba 3U 1809+50, wanda binciken da ya biyo baya ya nuna cewa shi ne AM Herculis. A shekarar 1976, Santiago Tapia na Jami'ar Arizona da ke Amurka ya auna hasken tauraron, ya ga cewa wani kaso na hasken yana da tsararriyar kaɗawa, kuma yanayin kaɗawar yana maimaita kansa duk bayan awa 3.09. Hasken taurari na yau da kullum yana kaɗawa ne ta kowace fuska ba tsari. Idan aka samu haske mai kaɗawa a murɗe kamar zare, to alama ce ta maganaɗisu mai ƙarfi a wurin da hasken ya fito. An wallafa sakamakon a 1977, kuma a shekarar ne masana biyu 'yan ƙasar Polan, Wojciech Krzemiński da Krzysztof Serkowski, suka raɗa wa ajin suna polar, daga kalmar da ake kiran wannan tsararriyar kaɗawa da ita.

Taurarin biyu

Farin wada shi ne abin da ke saura bayan tauraro irin Rana ya ƙone makamashinsa ya zubar da ɓawonsa na waje. Girmansa bai wuce na Duniya da yawa ba, amma nauyin na AM Herculis ya kusa kai na Rana. Jan wadan ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, sai dai bai kai shi nauyi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan ninki biyu na nisan Duniya da Wata kawai, kuma suna kammala zagaye ɗaya cikin awa 3 da minti 6.

Kowane tauraro a irin wannan tsari yana da yankin da ƙarfin janyowarsa ya rinjaya, ana kiransa yankin Roche, daga sunan masanin lissafi Bafaranshe Édouard Roche. Jan wadan ya cika yankinsa taf, don haka iskar gas, wadda mafi yawanta haidurojin ce, tana malala ta wani matsattsen wuri da ke fuskantar farin wadan, kamar yadda ruwa ke zuba ta bakin tulun da aka karkata.

Dalilin da iskar ke bin maganaɗisu

A mafi yawan taurari biyu masu musayar gas, iskar da ta malalo ba ta faɗawa kai tsaye. Saboda motsin kewaye da ta taho da shi, sai ta zagaye farin wadan ta zama faifai mai zafi, daga nan take gangarawa ciki sannu a hankali. A AM Herculis babu wannan faifai ko kaɗan.

Dalili shi ne iskar ta zama filasma, wato gas da zafi ko haske mai ƙarfi ya raba ƙwayoyin zarrarta da elektiron ɗinsu, har kowane ɓangare ya kasance ɗauke da cajin lantarki. Ƙwaya mai caji tana iya tafiya cikin sauƙi a kan layin maganaɗisu, amma ƙetare layin yana yi mata wuya, sai dai ta riƙa murɗawa a kewayensa. Masanin Suwidin Hannes Alfvén, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970, shi ne ya kafa tushen ilimin da ke bayanin yadda filasma da maganaɗisu suke manne wa juna. A ƙa'idar, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi yake jan ɗayan.

Ƙarfin filin maganaɗisu irin na farin wada yana ƙaruwa da sauri yayin da aka matso shi. Idan aka rage nisa zuwa rabi, ƙarfin filin yana ninkawa sau 8, matsin da yake yi wa filasma kuma sau 64. Saboda haka rafin gas yana fara tafiya bisa ƙarfin janyowa kaɗai, har ya kai inda matsin maganaɗisu ya rinjayi ƙarfin gudunsa. A nan ne filin ke kama filasmar, ya ɗage ta daga shimfiɗar kewayen, ya bi da ita kan layukansa zuwa kusa da ɗaya daga cikin kawunan maganaɗisun biyu, wani lokaci ma duka biyun.

Ƙarfin filin

Ƙiyasin farko da Tapia ya yi ya kai gaus miliyan 200. Awon da aka yi daga baya, ta hanyar duba yadda maganaɗisu ke tsaga layukan haidurojin a cikin bakan hasken tauraron, abin da ake kira tasirin Zeeman, ya nuna cewa ƙarfin ya tsaya a wajen gaus miliyan 13, wato kusan tesla 1,300. Filin maganaɗisun Duniya bai kai gaus 1 ba. Na'urar ɗaukar hoton jiki ta MRI a asibiti tana aiki da tesla 1.5 zuwa 3, kuma maganaɗisu mafi ƙarfi da aka iya riƙewa na tsawon lokaci a ɗakin gwaji yana wajen tesla 45. Duk da haka AM Herculis yana cikin masu rauni a ajinsa, domin yawancinsu suna tsakanin gaus miliyan 10 zuwa 80, kuma na AR Ursae Majoris ya kai kusan miliyan 230.

Wannan fili yana isa har jikin jan wadan, inda yake sarƙewa da nasa maganaɗisun. Sakamakon haka farin wadan ya ɗaure da abokinsa: yana juyawa a kan kansa sau ɗaya a daidai lokacin da suke kammala zagaye ɗaya, kullum fuska guda yake nuna masa. Ba don wannan ɗauri ba, gas ɗin da ke zubo masa zai riƙa ƙara masa saurin juyawa.

Wurin saukar filasma

Filasmar tana isowa saman farin wadan da gudun dubban kilomita a daƙiƙa, kuma tana sauka ne a kan ɗan ƙaramin yanki. Dab da saman tauraron sai ta yi karo da wadda ta riga ta, gudun ya koma zafi, zafin ya haura digiri miliyan 100. Daga wannan ginshiƙi mai zafi haske iri uku ke fitowa.

Na farko shi ne hasken eksire mai ƙarfi, wanda elektiron ke fitarwa yayin da ƙwayoyi masu caji suke karkatar da tafiyarsu. Na biyu shi ne hasken da elektiron ke fitarwa saboda murɗawa a kewayen layukan maganaɗisu, wanda ake kira hasken saikulotiron. A filin gaus miliyan 13, elektiron yana yin kusan zagaye tiriliyan 36 a daƙiƙa, kuma wannan haske ne mai tsararriyar kaɗawar da Tapia ya gani. Na uku shi ne hasken eksire mai rauni daga fatar farin wadan da ta ɗumama. An ga cewa wannan kaso na uku ya kan fi abin da lissafi ya nuna yawa, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne wani ɓangare na gas ɗin yana zuwa a dunƙule, ya nutse cikin fatar tauraron kafin ya saki zafinsa.

Da yake tauraron yana juyawa, wurin saukar yana bayyana yana ɓuya ga mai kallo daga Duniya, shi ya sa haske da kaɗawarsa suke maimaituwa duk awa 3.09.

Lokutan haske da na dushewa

Baya ga wannan sauyi na awanni, AM Herculis yana yin makonni ko watanni yana haske, sannan ya dushe. A ma'aunin hasken taurari, inda babbar lamba ke nufin dushewa, yana kai-komo tsakanin kusan 12 da 15 da ɗoriya, alhali ido ba ya ganin abin da ya wuce 6. Tunda babu faifan da zai tara gas, da zarar malalar ta ragu sai hasken ya faɗi. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne tabon maganaɗisu a jikin jan wadan, irin baƙaƙen tabon da ake gani a fuskar Rana, yakan zo daidai bakin da gas ke fita ya rage malalar. A lokutan dushewa ne ake iya ganin hasken farin wadan shi kaɗai, kuma a nan aka auna ƙarfin filinsa. Masu kallon taurari don sha'awa, musamman 'yan ƙungiyar AAVSO, suna bibiyar tauraron suna sanar da masana idan ya sauya hali.

Maganaɗisu da makomar tsarin

Maganaɗisun jan wadan ma yana da nasa aikin. Tauraron yana fitar da iskar filasma zuwa sarari, filinsa kuma yana tilasta mata juyawa tare da shi har zuwa nesa kafin ya sake ta. Wannan yana rage ƙarfin kewayen tsarin, taurarin su ƙara matsowa, malalar gas ta ci gaba. Ana kiran wannan birkin maganaɗisu. An lura cewa tsarin taurari masu musayar gas da lokacin zagayensu ke tsakanin awa 2 da 3 ba su da yawa. Bayanin da Rappaport da Verbunt da Joss suka gabatar a 1983 shi ne birkin yana raunana idan zagayen ya sauko wajen awa 3, sai malalar ta tsaya, har sai igiyoyin ƙarfin janyowa sun matso da taurarin zuwa zagayen awa 2. AM Herculis yana dab da bakin wannan giɓi ta sama. Daga nan zagayen yana ci gaba da gajarcewa har zuwa wajen minti 80, inda yake juyawa ya fara tsawo.

Asalin maganaɗisun farin wadan kansa har yanzu ana muhawara a kai. Wasu masana suna ganin gado ne daga tauraron asali, wasu suna danganta shi da lokacin da taurarin biyu suke cikin mayafin gas guda, wasu kuma suna ganin yana tasowa ne daga baya, yayin da cikin farin wadan ya fara daskarewa yana kuma juyawa da sauri.

Taurari masu alaƙa

An san taurarin polar sama da 100, kuma tauraron ɗan'adam na ROSAT da aka harba a 1990 ya gano da yawa daga cikinsu. Idan filin bai kai ƙarfin ɗaure taurarin ba, akan samu faifai mai rami a tsakiya, kuma farin wadan yana juyawa da sauri. Misalin wannan shi ne DQ Herculis, wanda ya yi fashewar nova a 1934, mai juyawa cikin daƙiƙa 71. V1500 Cygni polar ne da ya yi nova a 1975, fashewar ta ɗan kwance ɗaurinsa, kuma awo ya nuna yana komawa daidai sannu a hankali. A AE Aquarii farin wadan yana juyawa cikin daƙiƙa 33, filinsa yana watsar da mafi yawan gas ɗin waje kamar fanka. AR Scorpii kuwa, wanda aka bayyana halinsa a 2016, yana juyawa cikin kusan minti 2, filinsa yana bugun abokinsa, hasken tsarin yana walƙiya tun daga igiyoyin rediyo har zuwa hasken da ya wuce shuɗi.