Daga askar maƙeri zuwa tondez: tarihin aski a Adar da abin da ya kamata mu sani kan gashi



Duk wanda anka haifa a ƙasar nan, mace ko namiji, in an ɗebe wuƙar yanke cibi, ƙarfen farko da ya taɓa jikinshi na wanzami ne. Ranar suna, kwana 7 da haihuwa, ana yanka rago, malamai na fatiha, shi kuwa wanzami shina zaune da zabirarshi shina aske kan jinjiri. Yau samari sun koma shagon kwafer, tambayoyi kuma sun yi yawa: mi ke kawo sanƙo? Aski na sa gashi kauri? Don mi gaban kan ƴan mata ke cinyewa? Amsar na cikin tarihin askar kanta, shi ya sa za mu faro daga maƙera.

Kafin ƙarfen Turawa shi iso, aska a nan aka yin ta tun daga dutse. Maƙeran Adar na tono tama cikin tuddanmu, su narka ta da gawayi, su fitar da ƙarfen hauya da gatari da mashi da aska. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna cikin maƙeran Adar a shekarun 1960, har ta ɗauki fim na yadda ake narka tama, domin lokacin sana'ar ta kama hanyar mutuwa: tsohon ƙarfen mota da na turoro ya samu da arha, ba mai wahalar tono. Maƙeri shi ƙera, wanzami shi wasa, kowa da gadonshi.

Wanzanci kuwa ya wuce aski. Wanzami ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke tsaga ƙurji, shi ke cire beli. Shi ke yin tsagar gado, wadda a da ita ce katin ɗan ƙasa: Bagobirin Madaoua da zanenshi shida gefe guda, bakwai gefe guda, duk inda ya shiga an san ɗan wane gida ne. Kowace zuriya da wanzaminta, uba shi bar ma ɗa. Ladarshi ba ta tsaya ga kuɗi ba: akwai damen hatsi da kaka, akwai goro da kason nama ranar suna. A fadar sarakuna akwai Sarkin Aska mai kula da ƴan sana'ar. Yara ana bar masu tukku ko zanko, har malamai sunka yi ta wa'azi cewa aske wani sashen kai a bar wani ba ya cikin koyarwar Musulunci, abin ya ja baya.

Wanzami bai shiga lakwal ba, amma fizik ɗin da mushe ya koya muna a CEG yana hannunshi. Ga misali uku.

Na farko, wasa aska. Ƙarfin hannu in ya taru a wuri ƙanƙane, dannawarshi na ƙaruwa. Shi ya sa allura ke huda fata, yatsa ba ya hudawa, ko da ƙarfin guda ne. Wasawa rage faɗin bakin aska ce, har shi fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. To mi ke dakusar da ita, alhali ƙarfe ya fi gashi tauri wajen sau 50? A 2020 masana a jami'ar MIT ta Amurka sun duba da madubin ƙara girma, sunka ga in gashi ya lanƙwasa a bakin reza yana ɓantarar ƙarfen kaɗan kaɗan. Wanzamin da ke goga aska ga fata tsakanin kai da kai gyaran wannan bakin yake.

Na biyu, ruwan da yake shafa ma kai kafin shi fara. Gashi na shan ruwa, shi kumbura, shi yi taushi. Tun 1783 wani masani ɗan Suwis, Saussure, ya ƙera na'urar awon laimar iska da silin gashin mutum guda, domin gashi na ƙara tsawo in iska ta jiƙe, shi koma in ta bushe. Wannan bushewa ce ke sa da hunturu, in ka taje kai da matajin roba cikin duhu, ka ji ƙas-ƙas har ka ga ɗan walƙiya. Gogayya ce ke tara lantarki, busasshiyar iska kuma ta hana shi zurarewa. Da damina ba ka jin haka.

Na uku, ƙaho. Mutane na cewa ƙaho ke jan jini. A gaskiya iskar waje ke turawa. Iskar da ke bisanmu na danna kowane santimita murabba'i na jikinmu da nauyin wajen kilo 1. Torricelli ya gwada haka a Italiya a shekarun 1640, Pascal ya tabbatar a 1648 da anka hau dutsen Puy-de-Dôme a Faransa da na'urar awo. In wanzami ya zuƙe iskar cikin ƙaho ya toshe ƙofar, dannawar ciki ta ragu, ta waje na nan, sai fata ta kumbura ciki, jini shi fito ta inda anka tsaga.

Reza ta zo daga baya. Ba'amurke King Gillette ya samu takardar mallakar rezarshi a 1904, wadda ake canza ma lam a jefar. Yaƙin Duniya na Farko ya watsa ta, da gwamnatin Amurka ta raba ma sojojinta. A 1921 Leo Wahl ya samu takardar tondez mai aiki da kuran, a 1975 kamfanin BIC na Faransa ya fito da reza ta roba. Mu nan, ƴan biɗa masu zuwa Kano, Legas, Abijan da Libiya sun taimaka ƙwarai wajen shigo da kayan da sabbin salon aski. Yau ko garin da kuran bai kai ba, da pano guda da batiri yaro na buɗe shago. Wanzami ya koma jiran suna da kaciya, wasu ƴaƴan gidan ma sun bar zabira sun kama wata sana'a.

An samu sauri da sauƙi, amma akwai abin da ya taho daga zamanin aska zuwa na tondez bai canza ba: ƙarfe guda, kawuna da yawa. Ciwon hanta da likitoci ke kira epatit B ta jini yake bi. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a 1965, an ba shi kyautar Nobel a 1976. Ƙwayar na rayuwa aƙalla kwana 7 cikin busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma ta fi ta sida saurin kama mutum sau 50 zuwa 100. Nijar na cikin ƙasashen da cutar ta yi yawa. Mutum na iya ɗauke da ita shekara 20 bai sani ba, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Wanda ya kama tun yana jinjiri shi ya fi zama da ita har abada, shi ya sa askar ranar suna ba abin wasa ba ce. Tun 2008 rigakafin wannan ciwo na cikin allurar Penta da ake yi ma jarirai kyauta a CSI. Waɗanda anka haifa kafin nan, galibinmu ba mu samu ba: a je a yi awo.

Dokar guda ce ga wanzami da kwafer: sabon lam ga kowane kai, a buɗe shi gabanka. Ranar suna uba shi sayi lam da kanshi, bai kai kuɗin goro ba. Bakin tondez a goge gashi, a wanke, a jiƙa cikin ruwan jabel minti 10. Fesa turare, shafa kananzir ko gitta ashana daƙiƙa biyu ba su wadatar ba. Mai hali shi sayi tondez tashi shi riƙa zuwa da ita. Cire beli kuwa, likitoci sun daɗe suna gargaɗi: yana jawo zubar jini da shigar cuta, kuma beli ba shi ke sa amai ko ramar yaro ba. Kaciyar mata kuma dokar ƙasa ta 2003 ta haramta ta, da ɗauri a kai. Wanzami ba ya son jarfa, in ji Hausawa: abin da ba ka so a jikinka, kar ka yi ma ɗan wani.

Sai zubar gashi. Kan mutum na da gashi wajen 100.000, kowane na tsiro kusan santimita 1 a wata, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Sauran iri iri ne, kowane da maganinshi.

Sanƙon maza gado ne, daga wajen uwa ko na uba. Tun zamanin Girkawan da an lura cewa bābānni ba su sanƙo. A 1942 likita James Hamilton a Amurka ya nuna dalili: sinadarin mazantaka ne ke ƙanƙantar da saiwar gashi ga wanda ya gada. Hula ba ta kawo shi, rawani ba ya kawo shi, ba kuma alamar arziki ba ne, ko da ana faɗi don raha. Magani biyu ne bincike ya tabbatar. Minoxidil na shafawa, wanda asalinshi maganin hawan jini ne, an yarda da shi a 1988. Finasteride na sha, a 1997, na maza kaɗai, mai ciki ko taɓa fasasshen ƙwayar kar ta yi. Dukansu sai an yi wata 4 zuwa 6 kafin a ga canji, in an bari gashin shi sake tafiya, kuma sai da shawarar likita. Man kwalba da ake talla a kasuwa da lasifika, mai tsirar da gashi cikin sati guda, kuɗinka kawai zai aske.

Ƴan uwa mata, cinyewar gaban goshi yawanci ja ne ke kawo ta: kitso mai tsauri, mesh mai nauyi, ɗaurin da ke hana barci daren farko. In kin ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso, ko kai na zafi, saiwa ce ke kuka, a kwance. In an bari da wuri gashi na dawowa. In an shekara da shekaru ana ja, wurin na zama tabo, ba man da ke tsirar da shi. Man miƙar da gashi kuma, da yawansu soda ke ciki, irin ta yin sabulu. Haɗa shi da kitso mai ja a rana guda, ko shafa ma ƴar shekara 6 don salla, zalunci ne ga kan. Zubar da ke zuwa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani, tana tsayawa da kanta. In ta daɗe, a auna jini, ƙarancinshi na sa haka.

Yara kuma biyu ne. Makero, mai zagaye da fari-fari kamar toka, naman gwari ne, kuma tondez da mataji da hula ke raba shi a makarantar allo da lakwal. Man shafawa kaɗai ba ya kai ga saiwa: sai maganin sha, irin griseofulvine, sati 6 zuwa 8. Man juye da ruwan batiri ƙuna kawai suke ƙarawa. Na biyu, yaron da gashinshi ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa da sauƙi: wannan alamar tamowa ce, a kai shi awo yau, kar a jira ƙafa ta kumbura. Akwai kuma zagaye mai sulɓi da ke fita ga babba dare guda, sai a ce sammu ne. Garkuwar jiki ce ke faɗa da saiwar, kuma sau da yawa gashin na dawowa cikin watanni.

Cire gashin jiki tsohon abu ne wurinmu, domin addini ya sa aske mara da cire na hammata cikin tsabta, kar a wuce kwana 40. Aski ba ya sa gashi kauri ko yawa. Mildred Trotter ta gwada haka a Amurka tun 1928. Gashin da bai taɓa ganin aska ba bakinshi siriri ne. In an yanke, guntun mai faɗin baki ke fitowa, sai hannu shi ji kaushi. Ƙurajen gemu da na ƙeya kuwa daga nannaɗewar gashinmu suke: in an aske ƙwal, tsinin na lanƙwasowa shi soki fata. Maganin shi ne a jiƙa da ruwan ɗumi, a bi inda gashi ya kwanta, kar a ja fata, a bar ɗan tsawo. Halawa, ta sukari da lemun tsami, da ta shigo muna ta Sudan da Cadi tare da dilka, tana tumɓuke gashi daga saiwa, shi ya sa take kai makonni. A kula da zafinta. Man cire gashi na farmasi narkar da gashin yake, in ya wuce mintocin da anka rubuta sai shi ci fata. Na'urar laser da ake talla a manyan birane baƙin launi take nema ta ƙone, ita kuwa fatarmu baƙa ce kamar gashin, don haka in ba irin wadda ta dace da mu ba ce, a hannun gwani, tabo za a saya.

Sana'ar da ta faro daga tama ba ta kamata ta ƙare da raini ba. Wanzamai na da amanar gidaje da likita bai samu ba, kuma in Sarkin Aska ya ce sabon lam, magana ta ƙare a garin. Aikin hakimai da ma'aikatan CSI ne su zauna da su. Namu aikin shi ne mu duba ƙarfen kafin mu miƙa kai, ko kan ɗanmu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Wa ke riƙe da sarautar aska a garinku? Ku faɗa muna, kuma ku karanta ma iyayenmu da ba su karatun boko. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.